Maigidana a Wayar Ummusalma

Ranar da Sista Chundung ta zo canja wa Ummusalma bandeji, ɗakin cike yake da mutanen da bai kamata su ji abin da ke bakinta ba.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da hatsarin. Ummu ta taso daga makarantar da take koyarwa a Naraguta, keken haya mai ƙafa uku da ta hau ya yi karo da motar dankali a hanyar Bauchi. Ƙafarta ta hagu ta karye gida biyu, sai da aka yi mata tiyata aka sa ƙarfe. Yanzu tana kwance a ɗakin mahaifiyarta, Inna Suwaiba, a gidansu na Anguwan Rogo, an ɗora ƙafar a kan filo biyu.

Gwaggo Hassana, ƙanwar Baba, tana zaune a bakin gado tun hantsi. Ɗanta Salim kuwa ya zo da lemo da ayaba a leda, ya samu kujera kusa da ƙofa ya dasa kansa. Tun da aka dawo da Ummu daga asibiti bai taɓa fashi ba. Kullum da lemo, har Ummu ta tsani warin ɓawonsa.

Kowa a gidan ya san abin da Salim yake jira.

Wata biyar da 'yan kwanaki da suka wuce, Fatai mai sayar da zare da kayan ɗinki a kasuwar Kwararafa ya turo a nema masa auren Ummu. Baba, Malam Zainulabideen tela, ya fi shekara takwas yana sayen zare a wurinsa, bai taɓa kama shi da ha'inci ba. Amma sayen zare daban, ba da 'ya daban. Gwaggo Hassana ta yi ta kuka tana cewa Bayarabe ne, wata rana zai kwashe musu 'ya ya tafi da ita garinsu, alhali ga ɗan gida. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sharaɗi ya gindaya: wata shida, ba gani, ba waya, ba aike. In sun cika, zai karɓi manyan Fatai. In ɗayansu ya karya, magana ta mutu, kada wanda ya sake tayar masa da ita.

Saura kwana goma sha tara.

"Salamu alaikum, ina madam ɗina?"

Chundung ta shigo da jakarta tana kakkaɓe lema, don tun azahar ake yayyafi mai sanyi. Ita ce nas ɗin da ta karɓi Ummu ranar hatsarin, 'yar Birom ce mai faɗin fuska da yawan dariya. Ba kowace nas ba ce za ta yarda ta shigo lungunan unguwar nan ita kaɗai, amma ita ta ce mara lafiyarta ce, da kanta za ta zo.

Ta gaida manya, ta durƙusa ta fara warware bandejin.

"Kai, ƙafa ya yi kyau! Madam, kina da jiki mai kyau. Wata biyu za ki taka."

"Allah Ya sa," in ji Inna.

"Amin, Mama. To ina oga? Tun ranar nan ban sake ganin shi ba."

Inna ta ce, "Malam yana shago."

"A'a, ba Baba ba." Chundung ta yi dariya tana tsoma auduga a magani. "Oga mijin madam. Mama, kun yi sa'ar suruki. Mutumin nan ya yi kuka kamar ƙaramin yaro a gaban ɗakin tiyata."

Salim ya ajiye lemon da yake ɓarewa. Gwaggo Hassana ta juya a hankali ta dubi Ummu, ta dubi Inna, sannan ta gyara zama irin na wanda aka kawo wa abincin da ya daɗe yana kwaɗayi.

"Wane mijin, 'yata?" ta tambaya da murya mai laushi.

"Mijinta mana. Wanda ya sa hannu a takarda."

"Wace takarda?"

Sai a lokacin Chundung ta ɗago kai. Ta ga fuskar Ummu ta yi fari. Dariyar ta ɗauke.

"Ko na yi kuskure ne?"

"Ba ki yi kuskure ba," in ji Salim. "Ki ba mu labari kawai, Sista. Daga farko."

Baiwar Allah ta so ta yi shiru, amma an riga an tsare ta da ido. Ta ce an kawo Ummu a sume, jini na zuba, likita ya ce ba zai shiga da ita tiyata ba sai miji ko uba ya sa hannu. Ita ta ɗauki wayar Ummu, ta danna yatsan Ummun ta buɗe, ta shiga jerin sunaye.

"Na ga babban mace da hijabi, ai miji za ka fara nema. Na duba, na ga an rubuta Maigidana. Shi na kira. Minti goma bai yi ba ya zo a kan mashin, takalmi ƙafa ɗaya. Likita ya ce kai ne miji? Ya ce ni ne. Ya sa hannu. Da aka fito da ita lafiya, shi ya ba ni lambar Baba ya ce in kira, ya tafi. Ni na ɗauka ya je ɗauko kaya ne."

"Ya sunansa?" in ji Gwaggo.

"Wallahi ban riƙe ba. Ranar mutum biyar aka kawo mana."

Ta naɗe ƙafar da sauri, hannunta ba irin na ɗazu ba. Da za ta fita ta sunkuya kusa da kunnen Ummu ta ce, "Madam, ki yafe ni."

Ko ƙofar gida Chundung ba ta kai ba, Gwaggo ta tafa hannu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Suwaiba, aure aka ɗaura a gidan nan ba mu sani ba?"

"Haba Hassana, wane irin aure?"

"Ke za ki faɗa mini, ai a ɗakinki take kwana. Salim, tashi ka kira mini Yaya a shago. Ka ce ya ajiye ko ɗinkin wa yake yi."

Salim ya fita har yana tuntuɓe da ledar lemonsa.

Inna ta matso ta kama hannun 'yarta. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ummu, dube ni. Kin sani?"

Ummu ta gyaɗa kai, hawaye na bin gefen idonta zuwa kunne. Ta sani tun kwana na biyu a asibiti, da ta duba wayarta ta ga an kira lambar da ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu, lokacin da ita ba ta san inda kanta yake ba. Ba ta tambayi kowa ba. Ta kasa goge kiran ma, kullum sai ta buɗe ta kalle shi.

"Kin gan shi a watannin nan?"

"Wallahi Inna ban gan shi ba."

"Kun yi waya?"

"Ko sau ɗaya."

"Rantsuwa ba ta da wuya," in ji Gwaggo daga bakin gado. "Wadda ta iya ɓoye miji, me zai gagare ta?"

Baba ya shigo da awon ɗinki rataye a wuyansa, kafaɗun rigarsa sun jiƙe da ruwa. Dogo ne marar yawan magana, kuma in ransa ya ɓaci muryarsa raguwa take yi. A hanya Salim ya riga ya zuba masa labarin, da abin da aka faɗa da wanda ba a faɗa ba.

Bai zauna ba.

"Ummusalma."

"Na'am, Baba."

"Kina da miji?"

"Ba ni da shi, Baba."

"An ɗaura miki aure a wani wuri? A masallacin wata unguwa, ko a gaban wani malami, ko a kotu?"

"A'a, Baba. Wallahi tallahi a'a."

"To wane ne maigidanki?"

Kuka ya ƙwace mata.

Salim ya gyara murya. "Kawu, ni ba don kaina nake magana ba." Duk wanda ke ɗakin ya san don kansa yake yi. "'Yan matan yanzu suna rubuta Habibi a waya, suna rubuta Zumana, suna rubuta shirme iri-iri. Da irin wannan ne, sai a ce ƙuruciya. Amma Maigidana? Wannan ai kalmar matar aure ce, wadda ta san ɗakinta. Budurwa ba ta faɗinta. Kuma shi ma da aka tambaye shi bai yi gardama ba, ya ce shi ne. Mutum biyu ba sa haɗuwa a kan ƙarya ɗaya sai sun shirya."

"Yaya Salim, ka ji tsoron Allah," in ji Ummu.

"Ni zan ji tsoron Allah? Kwana goma sha ɗaya ina zirga-zirga a kanki, ashe matar wani nake yi wa jinya!"

"Wa ya aike ka?"

"Ummu!" Inna ta daka mata tsawa.

Gwaggo ta share hawayen da babu su. "Yaya, ka ji ko? Ka ga abin da na faɗa maka tun farko. Mu a gidanmu, maigida ba sunan wasa ba ne. Sai an tara jama'a, an yanka sadaki, waliyyi ya ce na bayar, an shafa fatiha, sannan mace ta samu bakin faɗinsa. Ni sai da na yi wata uku a ɗakina kafin in iya cewa maigidana a gaban mutane. Yau ga 'yarka ta rubuta shi a waya tana yawo da shi a jaka. Nas ta sani, likita ya sani, gobe duk Anguwan Rogo za ta sani. Wa zai aure ta kuma, in ba ɗan'uwa mai rufa asiri ba?"

Baba bai dube ta ba. Idonsa na kan 'yarsa.

"Na tambaye ki wane ne. Faɗi sunansa."

"Baba, ka san shi."

"Na ce ki faɗa."

Ummu ta runtse ido. Ta yi ƙoƙari, Allah Ya gani. Leɓenta ya motsa, amma sunan ya ƙi fita.

"Ba zan iya ba, Baba," ta ce cikin kuka. "Ba taurin kai ba ne. Tun ranar da ya turo gidan nan bakina ya daina iya kiran sunansa. Da can ina faɗa, in ka aike ni sayen zare ina faɗa. Daga ranar nan sai na ji nauyi. Na zo zan ajiye lambarsa, yatsana ya ƙi rubuta sunan. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Na rasa me zan sa, sai na sa abin da na ji Inna tana cewa in tana maganarka. Ban yi tunanin wani zai taɓa gani ba. Ni kaɗai nake kallo."

Inna ta sunkuyar da kai. Shekara talatin da ɗaya tana gidan nan, ba wanda ya taɓa jin sunan Zainulabideen a bakinta. Ko yaron maƙwabta mai sunan, Mai Sunan Malam take ce masa. Ita ta koya wa 'yarta wannan kunyar ba tare da ta zaunar da ita ba, yau ga inda kunyar ta kai su.

"Malam," ta ce a hankali, "yarinyar nan ba ta yi maka ƙarya."

"Ban tambaye ki ba tukuna."

Ya ja kujerar da Salim ya tashi a kai ya zauna. Ya cire awon daga wuyansa yana naɗe shi a yatsa.

"Ummusalma, zuciya ba ta naɗa miji. Da tana naɗawa, da ba a bukatar uba a duniya. Sunan nan a hannuna yake, ni zan ba wanda na ga dama ranar da na ga dama. Kin ɗauka ba ki tambaye ni ba, kin ba wani. Shi kuma ya karɓa, ya je ya tsaya a inda ni ya kamata in tsaya, ya sa hannu a kan ranki. Ina shago, tafiyar minti biyar. A wayar nan taki babu inda aka rubuta Baba?"

"Akwai."

"Akwai. Amma ba shi aka kira ba."

Nan ne muryarsa ta karye kaɗan, kuma wannan ya fi yi wa Ummu ciwo fiye da duk abin da Gwaggo ta faɗa.

"Ka yafe mini, Baba."

"Yafiya daban. Abin da nake so in sani, alƙawarina an riƙe shi ko an mayar da ni abin dariya? Ke kin ce ba ku gana ba, ba ku yi waya ba."

"Ana gogewa, Kawu," in ji Salim da sauri. "Kira da saƙo duk ana gogewa. Wasu ma layi biyu gare su."

"Na sani, ba a ƙauye nake ba." Baba ya miƙa hannu. "Ba ni wayar. Buɗe ta."

Ummu ta zaro ta daga ƙarƙashin filo, ta danna yatsa, ta miƙa masa. Ya nisanta ta da idonsa yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya. Ya daɗe yana kallon kalmar.

"Mutumin da ya saba waya da mace, daga gaisuwarsa ake ganewa," ya ce. "Kowa ya yi shiru. Wanda ya yi tari zai bar mini gida."

Ya danna kira, ya buɗe lasifika, ya ɗora wayar a kan gwiwarsa.

Ummu ta cusa bakin mayafinta a baki. Ba ta san me take roƙo ba, ya ɗauka ko kada ya ɗauka. In ya ɗauka ya ce mata wata kalma mai daɗi, ko da ta tausayi ce, shi ke nan, Gwaggo ta samu abin da take nema. Wata biyar ba ta ji muryarsa ba, kuma ba ta taɓa jin tsoron jin ta ba sai yau.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Sau biyar. Salim har ya fara murmushi.

Aka ɗauka.

Ba a yi sallama ba. Ana jin hayaniyar kasuwa da hon ɗin keke a bayansa, da numfashin mutum mai kokawa da kansa.

"Ummu," muryar Fatai ta fito a shaƙe, "don Allah kashe wayar nan. Saura kwana goma sha tara. Mun yi haƙurin wata biyar, kada mu zubar da shi yanzu. Na yi wa Baba alƙawari, sau ɗaya na taka shi, shi ma don rai ne. Kada ki ce komai, in kin yi magana ba zan iya kashewa ba."

Ƙit, ya kashe.

Inna ta fashe da kuka ta rufe fuska da zani. Ummu kuwa ko motsi ta kasa, hawaye kawai ke zuba.

"Shiri ne!" Salim ya zabura. "Kawu, wallahi shiri ne. Nas ɗin nan ta kira shi ta faɗa masa."

"Ta ce ko sunansa ba ta riƙe ba," in ji Inna cikin kuka.

"Haka ta ce! Su duka bakinsu ɗaya. Yaya, kada muryar Bayarabe ta ruɗe ka," in ji Gwaggo. "Sun iya daɗin baki. Ko ba su yi waya ba, ƙaryar da ya yi wa likita fa? Mai cewa shi miji ne alhali ba shi ba ne, gobe me zai ce?"

Baba ya kife wayar Ummu a kan gwiwarsa, ya ci gaba da naɗe awo a yatsa yana warwarewa. Ba wanda ya iya karanta fuskarsa, har Inna da ta fi kowa saninta.

Sai wata waya ta fara ƙara.

Kowa ya dubi ta Ummu. Ba ita ba ce. Daga aljihun gaban rigar Baba ƙarar take fitowa. Ya zaro tsohuwar wayarsa mai maɓallai, ya duba sunan, ya ɗaga ido ya dubi ƙanwarsa da ɗanta. Sannan ya buɗe lasifika.

"Salamu alaikum, Baba. Fatai ne. Ka gafarce ni, na san ka hana ni kira." Yana magana yana haki. "Yanzu aka kira ni da wayar Ummusalma. Na ɗauka, ban ɓoye maka ba, amma ban bari ta yi magana ba. Baba, ba halinta ba ne ta kira. Ina tsoron ko jikin ne ya tashi ba kowa kusa. Don girman Allah a aika wani ya duba ta. Ba sai an faɗa mini komai ba, a duba ta kawai."

Salim ya koma ya jingina da bango. Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata yatsa ɗaya.

"Wa alaikumus salam. Tana nan lafiya, ga ta a gabana. Ni na kira ka."

Baba ya matso da wayar kusa da bakinsa.

"Fatai."

"Na'am, Baba."

"An ce ranar hatsari likita ya nemi mijin 'yata, wani ya ce shi ne. Ni kuwa ban tuna na aurar da ita ba. Ka san mutumin?"

Ummu ta damƙe hannun Inna har sai da Inna ta ji zafi.

"Ni ne, Baba."

"Ka san nauyin abin da ka faɗa?"

"Na sani. Ƙarya na yi, kuma tun ranar ban yi barcin kirki ba. Amma jini na zuba, likita na riƙe da biro. Ko yau aka sake tambaya ta a kan ranta, Baba, abin da zan faɗa ke nan."

Baba ya miƙe. Ya zura wayar Ummu a aljihunsa, ya mayar da awon wuyansa.

"To, likita ka faɗa wa, ni ban ji ba. Gobe bayan La'asar ka zo da mahaifinka, ka maimaita ta a gabana in ga ko bakinka zai iya."